Fo-figa, Goro da Amanar Naira Dubu Huɗu: Ɗan Tarihin Lissafin Logaridim

 

Yau zancen lissafi zan yi, kuma na san da jin haka wasu za su ce Malam ya shiga hurumin da ba nasa ba. A yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, don maganar ta shafi aljihun kowa. Kwanakin baya 'yar autata, wadda ke shirin jarrabawar WAEC, ta same ni a zaure rai a ɓace, ta ce: "Baba, don Allah mene ne amfanin wannan log ɗin? Ga kalkuleta, ga waya, me ya sa za a wahalar da mutum?" Ban ba ta amsa nan take ba. Na shiga ɗaki na buɗe akwatin ƙarfen marigayi mahaifina, inda nake ajiye tsofaffin takardu, na ciro littafina na fo-figa, wato ɗan siririn littafin nan na jadawalin lambobi da duk wanda ya yi sakandare a zamaninmu ya sani. Bangonsa ya yage, gefensa duk jan goro. Wani malami ɗan Gana ne ya koya mana aiki da shi, kuma bai kai mu ƙarshen zango ba, don korar baƙi ta farkon 1983 ta rutsa da shi. Allah Ya saka masa, duk inda yake.

To mene ne logaridim? Ɗauki lamba 2 ka yi ta ninkawa: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256. A ƙarƙashin kowace ka rubuta matsayinta a jeri: 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7, 8. Yanzu in kana son 8 sau 32, ba sai ka yi sau ba. Duba ƙarƙashin 8 ka ga 3, ƙarƙashin 32 ka ga 5, haɗa su ka sami 8, sai ka ɗaga ido sama da 8 ɗin ka ga 256. Shi ke nan. Lambobin ƙasan nan su ne logaridim. Tambayar da suke amsawa ita ce: sau nawa aka ninka kafin a iso nan?

Mutane sun daɗe suna mamakin ninki. Ibn Khallikan, alƙali kuma marubucin tarihin da ya rasu a Dimashƙa a 1282, ya kawo labarin mutumin da ya ƙirƙiro darar nan mai gida 64 da Larabawa ke kira shaɗaranji. Sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, haka har gida na 64. Sarki ya raina roƙon, sai da ma'aji suka zauna lissafi aka gane duk rumbunan ƙasar ba za su biya ba. A Turai kuma wani Bajamushe, Michael Stifel, ya jera layuka biyun nan da na nuna a littafinsa na 1544, ya kuma lura cewa tarawa a layin ƙasa daidai take da sau a layin sama. Matsalar ita ce giɓi. Tsakanin 64 da 128 babu komai, to in mutum yana son 75 sau 93 fa?

Wanda ya cike giɓin shi ne John Napier, wani mai gonaki da dukiya a Merchiston kusa da Edinbara a ƙasar Sukotland, wanda aka haifa a 1550. Ba malamin jami'a ba ne. A zamaninsa ma an fi saninsa da wani littafi na fassarar wahayin ƙarshen duniya da ya fitar a 1593, kuma maƙwabtansa na raɗe-raɗin cewa boka ne. Abin da ya dame shi shi ne wahalar masana taurari da matuƙan jiragen ruwa, waɗanda kan kwashe kwanaki suna sau da rabawa na lambobi masu wuri bakwai-bakwai, kuskure ɗaya kuma ya rushe aikin duka. Dabararsa ita ce ya yi ninkin da taku ƙanana ƙwarai, ta yadda lambobin saman za su matsu da juna har giɓin ya kusa ɓacewa. Ya shafe kimanin shekara 20 yana lissafi da hannu, sannan a 1614 ya buga littafinsa da Latin, shafi 90 na jadawali zalla. Shi ya haɗa sunan daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin gwargwado, ɗaya na nufin lamba. A nan bari in gyara wani kuskure da na sha ji a majalisa: kalmar algoridim ce ta fito daga sunan Al-Khawarizmi na Bagadaza, logaridim dabam take, kamar suna ce kawai. Wani maƙerin agogo ɗan Suwizalan, Jost Bürgi, shi ma ya gano irin wannan dabara da kansa, amma bai buga nasa ba sai 1620 a birnin Prague, lokacin Napier ya riga ya yi suna.

Da littafin ya isa Landan, Henry Briggs, farfesa a kwalejin Gresham, ya rasa sukuni har sai da ya yi tattaki zuwa Edinbara a 1615 don ya ga mutumin da idonsa. An ruwaito cewa da suka haɗu sun yi kusan kwata na awa suna kallon juna ba wanda ya ce uffan. Ni wannan wuri na labarin yana burge ni, don Briggs ya je ne da gyara a bakinsa, Napier kuma bai yi girman kai ba. Suka amince a sake ginin a kan lamba 10: log na 1 ya zama 0, na 10 ya zama 1, na 100 ya zama 2, na 1,000 ya zama 3. Napier ya rasu a 1617, aikin ya faɗo kan Briggs. Don a san irin wahalar: sai da ya nemo lambar da in an yi ta sau kanta za ta ba da 10, sannan ya nemo irin wannan ta amsar, ya sake, ya sake, har sau 54 a jere, da alƙalami da takarda. A 1624 ya fitar da log na lambobi daga 1 zuwa 20,000 da kuma daga 90,000 zuwa 100,000, kowanne da wuri 14 bayan ɗigo. Wani ɗan Holan mai sayar da littattafai, Adriaan Vlacq, ya cike tsakiyar a 1628. Fo-figar da muka riƙa a aji jikanyar wannan aiki ce, an dai datse ta zuwa wuri huɗu.

Ba a ɓata lokaci ba wajen karɓar abin. Tun 1616 aka buga fassarar littafin Napier da Turanci, aka sadaukar da ita ga kamfanin Ingila mai fatauci zuwa Indiya, saboda matuƙansa. Johannes Kepler ya yi aiki da logaridim a jadawalin taurarinsa na 1627. A tsakanin nan kuma aka zana lambobin a jikin katako, aka sami rula mai zamiya, wadda injiniyoyi suka riƙe fiye da shekara 300.

Dokokin da 'yata ke kuka da su guda uku ne, kuma duk daga layuka biyun can suka fito. Log na abu sau abu shi ne log na farko a tara da log na biyu. Log na abu raba abu, sai a ɗebe. In kuma lamba ce aka yi ta sau kanta sau kaza, sai a ɗauki log ɗinta a yi shi sau kazan. Na buɗe mata fo-figa muka gwada 237 sau 48.6. Log na 237 shi ne 2.3747, na 48.6 kuma 1.6866, jimla 4.0613. Muka juya shafin baya, inda ake komar da log zuwa lamba, muka sami 11,520. Ta danna wayarta ta ce amsar 11,518.2 ce, tana dariya wai littafina ya yi ƙarya. Na ce wuri huɗu aka ba shi, wuri huɗu ya biya. Sai na ba ta alkamar sarki: 2 sau kanta sau 64. Log na 2 shi ne 0.3010, sau 64 ya ba da 19.26. Ma'ana lambar tana da wuri 20, kuma ta fara da 18. A layi ɗaya ta san girman abin da ya gagari ma'ajin sarki.

Amma gaskiyar yarinyar nan, in don sauƙaƙa sau da rabawa ne, aikin ya mutu. A 1972 kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da kalkuletar aljihu mai suna HP-35, cikin 'yan shekaru rula mai zamiya ta koma kayan tarihi. Mu a nan fo-figa ta daɗe bayan haka don talauci da dokar jarrabawa. Abin da ya hana logaridim bin ta kabari wani amfani ne da Napier bai yi shi dominsa ba.

Ga shi. Akwai abubuwa a duniya da ba sa ƙaruwa ta hanyar tarawa, sai ta ninki: na bana yana hawa kan na bara. Luca Pacioli, a littafin lissafin 'yan kasuwa da ya buga a Venice a 1494, ya ba da wata dabara: raba 72 da kason da abu ke ƙaruwa a shekara, ka sami shekarun da zai ninka. Bai faɗi dalili ba, logaridim ne ya zo daga baya ya bayyana shi. A 1683 Jacob Bernoulli na birnin Basel ya yi tambaya a kan kuɗin ruwa: in kuɗi 1 na haihuwar kashi 100 a shekara, a lissafa sau ɗaya ya zama 2, a lissafa duk wata shida ya zama 2.25, duk wata 2.61, kullum 2.71, kuma ko a lissafa duk ƙiftawar ido ba zai wuce 2.718 da 'yan kai ba. Wannan lamba ita ce Leonhard Euler ya raɗa wa suna e. Na san mu da kuɗin ruwa sai dai kallo daga nesa, amma lissafin bai tsaya a banki ba. Haka jama'a ke yaɗuwa, haka annoba, haka farashi.

Misali ƙidaya. Ta 1991 ta ba da mutum miliyan 89, ta 2006 ta ba da miliyan 140.4. Mu ajiye gardamar da ke bin kowace ƙidaya a ƙasar nan, mu ɗauki lambobin yadda suke. Log na 140.4 shi ne 2.1474, na 89 kuma 1.9494, bambanci 0.1980. Raba da shekara 15, ka sami 0.0132, wanda in an komar da shi lamba ya zama 1.031, wato ƙarin kashi 3.1 cikin ɗari duk shekara. Shekara nawa kafin a ninka? Raba 0.3010 da 0.0132: kusan shekara 23. Duk wanda ya san Sabo lokacin da ake samun filin ƙwallo tsakanin gidaje ba ya bukatar a rantse masa.

Raguwa ma haka take, ninki ne a juye. A 1900, a jami'ar McGill ta Kanada, Ernest Rutherford ya ba da rahoton wata iska da ke fita daga ma'adinin toriyam, wadda ƙarfinta ke komawa rabi cikin kamar minti ɗaya, minti na gaba rabin rabi, haka dai. Kowane irin wannan sinadari da nasa wa'adin rabewa. A ƙarshen shekarun 1940 Willard Libby na Chicago ya mai da wannan agogo: duk mai rai, itace ko dabba, yana ɗauke da ɗan kabon-14, in ya mutu sai ya daina shiga, wanda ke ciki ya riƙa rabewa duk shekara 5,730. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 1960. Kuma abin ya zo har gida. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, a yankin da yanzu yake jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono daga baya. Kabon-14 da ya rage a itacen wajen kashi 40 ne cikin ɗari. Raba 100 da 40 ka sami 2.5, log ɗinsa 0.3979, raba da 0.3010 ka sami 1.32, wato ya rabe sau ɗaya da kusan sulusi. Yi shi sau 5,730, ka sami shekara 7,500 da ɗoriya. Bayan gyaran da masana ke yi wa irin wannan awo, shekarunsa sun kai wajen 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. Da wannan awo ne Thurstan Shaw, wanda ya koyar a jami'ar nan ta Badun, ya nuna cewa kayan tagullar Igbo-Ukwu, can kusa da Anacha, sun koma wajen ƙarni na 9, ɗaruruwan shekaru kafin jirgin Bature ya taɓa gaɓar tekunmu.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na daɗe tsugune gaban akwatin nan.

Mahaifina maigida ne a harkar goro. Waɗanda suka tashi a Sabo sun san me wannan ke nufi, tun kafuwar unguwar a 1916 a kansa kasuwa ke tafiya: baƙo ya sauka gidanka, ka ba shi masauki, ka tsaya masa wajen saye, ka riƙe masa kuɗinsa. Ba takarda, ba sa hannu, sunanka ne jarinka. A 1986 wani baƙonsa da ya daɗe yana sauka wurinmu ya bar masa ajiyar Naira 4,000, ya ce zai dawo bayan salla. A hanyar Arewa mota ta kife da shi. Baba ya aika saƙo garinsu ya fi a ƙirga, aka ce matar ta koma wurin danginta da yara, ba wanda ya san takamaiman inda suke. Sai ya ɗaure kuɗin a ƙyalle, Murtala guda 200, ya sa a wannan akwati. Abokansa sun ba shi shawara ya juya su a goro, ya ce kuɗin marayu ne, in huhu ya ruɓe me zai ce wa Allah? Akwai shekarar da kasuwa ta karye har muka sayar da firij, ƙyallen nan bai motsa ba.

A 1996 wani saurayi ya yi sallama a zaurenmu, ya faɗi sunan ubansa. Ina wurin. Baba ya tashi da kansa ya ɗauko ƙyallen, ya kira shaidu biyu, ya ƙirga a gabansu, ya ce: "Ɗana, ga amanar mahaifinka, yadda ya ba ni haka na ba ka." Yaron ya durƙusa ya ce: "Allah Ya saka da alheri, Baba Alhaji." Kowa ya yi kabbara, aka yi ta ba da labarin a unguwa. Ni ma na yi alfahari, har yau kuma ina yi. Sai dai na ga fuskar yaron lokacin da yake sa kuɗin a aljihu. An gaya masa tun yana ƙarami cewa ubansa ya bar jari a Badun, ya zo da niyyar ya fara sana'a, abin da ya tarar kuwa in ya cire kuɗin mota da guzuri saura kaɗan ne.

Ban taɓa zama na lissafa ba sai ranar da 'yata ta yi tambayarta. Ga hauhawar farashi ta shekarun nan goma, kashi cikin ɗari, daga 1987 zuwa 1996: 11.3, 54.5, 50.5, 7.4, 13.0, 44.6, 57.2, 57.0, 72.8, 29.3. Na ce ta gaya mini sau nawa kaya suka ninka. Ta tara su ta sami kusan 400, ta ce ninki biyar ke nan. Haka kowa zai yi, haka ni ma da na yi, kuma kuskure ne, don tsadar kowace shekara a kan ta bara take hawa. Abin da ake so shi ne 1.113 sau 1.545 sau 1.505, har guda goma. Na tura mata fo-figa. Ta ciro log ɗinsu ɗaya bayan ɗaya: 0.0465, 0.1889, 0.1775, 0.0310, 0.0531, 0.1602, 0.1965, 0.1959, 0.2375, 0.1116. Jimla 1.3987. Ta juya shafin baya, ta yi shiru, sannan ta ce: "Baba, 25." Ninki 25. Abin da Naira 4,000 ta saya a 1986 sai da Naira 100,000 a 1996. Kuɗin suna kulle a akwati, ba ɓarawo ba gara, amma duk shekara biyu da 'yan watanni rabin ƙarfinsu na tafiya, kamar kabon a jikin kwalekwalen Dufuna. Kashi 4 cikin ɗari na dukiyar ubansa yaron nan ya karɓa.

Ba ina ɗora wa mahaifina laifi ba ne, Allah Ya jiƙansa. Ya yi abin da ya sani, kuma da wuya a sami mai yin irinsa yau. Hukuncin ajiya da abin da ya wajaba a mayar kuwa na malamai ne, su za a tambaya. Abin da nake cewa shi ne shawarar da ya yanke ya yanke ta ne yana ganin kuɗi a akwati ba sa raguwa, alhali da ya san ninki 25 ne, na tabbata da ya je wurin liman tun shekarar farko ya tambayi ko a saya wa marayun fili ko saniya. Mu kuma da muka gaje su, har yau haka muke: kuɗin ƙungiya a asusu shekara da shekaru, kuɗin ginin masallaci, gadon yara, adashi mai dogon layi wanda na ƙarshe ke kwasar ƙaiƙayi yana godiya. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Log na 1.348 shi ne 0.1297, raba 0.3010 da shi ka sami 2.3. A irin wannan gudu, shekara biyu da wata huɗu sun isa su cinye rabin ajiya. Ni ne ma'ajin ƙungiyar unguwarmu, kuma na sa maganar a jerin abin da za mu tattauna a taro mai zuwa, da takardar lissafin a hannuna.

Da muka gama, 'yata ta rufe littafin ta ce: "Baba, shi wannan mutumin yana ina yanzu?" Na ce rabona da shi tun ranar, sunan garinsu kawai na riƙe da sunan mahaifinsa. Ta ce ai akwai direbobin da ke lodin goro zuwa can duk mako. Washegari na je tasha na sami ɗaya daga cikinsu, na rubuta masa sunayen a takarda, ya ce in ya dawo zai neme ni.